Wasiƙa Daga Ulaisha: Shin Allurar Korona Ta Yaudare Mu?



Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri ga iyayenmu, da yayyena da ƙannena, da abokan arziki na gida da na waje, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan Ulaisha, cikin birnin Riyad. Allah Ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.

Yau maganar allura nake so mu yi. Akwai wani zance da ya zauna daram a bakin mutanenmu tun bayan da annobar korona ta lafa: wai an yi mana allura sau biyu, wasu ma sau uku, amma duk da haka cutar ta kama mutane, ashe ke nan allurar ƙarya ce, kasuwanci ne kawai na Turawa. Da a ce maganar ta tsaya a kan korona, da na kama bakina, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar tun ranar 5 ga Mayu 2023. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne zancen ya fara tsallakawa zuwa allurar yara. Sai ka ji uwa ta ƙi kai jaririnta a yi masa rigakafin ƙyanda, in an tambaye ta dalili ta ce ai ta korona ma ba ta yi komai ba. To in magana ta kai nan, ta zama ta rai da mutuwa, kuma a cikin gidajenmu.

Ra'ayina dai shi ne allurar ta yi aiki, kuma babban aiki. Matsalar ita ce an bar mutane sun ɗauka cewa duk wanda aka yi wa ba zai ƙara kamuwa ba har abada, alhali ƙwayar cutar tana sauya kama. Da aka tashi awon allurar sai kowa ya auna ta da mura da zazzaɓin da ya yi, ya manta da gadon asibiti da kabarin da ta tsallakar da shi. Bari in bi abin daki-daki, ku yi mini haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo.

Da farko, mene ne ma'anar "kashi 95 cikin 100" da aka yi ta yayatawa a ƙarshen 2020? Kamfanin Pfizer da abokin aikinsa BioNTech sun gwada allurarsu a kan mutum sama da 43,000. An raba su gida biyu, rabi aka yi musu ta gaske, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce aka yi masa. Da mutum 170 suka kamu da cutar sai aka buɗe lissafi, aka tarar 162 daga ɓangaren ruwan gishiri suke, 8 kacal daga ɓangaren allura. Daga nan kashi 95 ya fito. Ku lura da abu biyu. Tun a ranar farko akwai mutum 8 da aka yi wa allura kuma suka kamu. Sannan an yi gwajin ne da nau'in cutar da ke yawo a 2020, kuma an bibiyi mutanen na 'yan watanni ne kawai. Masu mulki da 'yan jarida suka ɗauki lambar 95 suka bar waɗannan sharuɗɗa biyu a baya.

Ita kuwa ƙwayar korona, duk lokacin da ta shiga jikin mutum tana hayayyafa ne ta hanyar kwafar kanta, kuma a wajen kwafar akan sami kurakurai. Mafi yawansu ba su da wani tasiri. Amma in cuta ta shiga jikin ɗaruruwan miliyoyin mutane, dole wata rana a dace da kuskuren da zai amfane ta. Haka aka sami Alpha a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Delta a Indiya, sannan Omicron wanda masanan Afirka ta Kudu suka kai rahotonsa ranar 24 ga Nuwamba 2021. A jikin ƙwayar akwai wasu ƙayoyi da take maƙale wa mutum da su, kuma siffar waɗannan ƙayoyi ce allura ke nuna wa jiki don ya gane abokin gaba. Omicron ya zo da sauye-sauye fiye da 30 a wannan ƙayar kaɗai.

Ku ɗauki jikin mutum kamar birni mai ganuwa. Akwai masu tsaron ƙofa, wato sinadaran garkuwa da ke yawo cikin jini, aikinsu su tare baƙo tun kafin ya shigo. Waɗannan da fuska suke gane mutum, kuma yawansu na raguwa bayan 'yan watanni. In ɓarawo ya sauya rawani ya rufe fuska, zai iya wuce su. Amma a cikin gari akwai dogarai, wato wasu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira T, waɗanda suka san tafiyar ɓarawon da muryarsa, ba fuskarsa kaɗai ba. Su ba sa hana shi shigowa, amma suna cafke shi kafin ya kai ga huhu ya yi ɓarna mai yawa. Shi ya sa wanda aka yi wa allura zai iya kamuwa da sabon nau'i, ya yi kwana uku yana tari da ciwon jiki, ya miƙe, yayin da sa'ansa mai irin lalurarsa da ba a yi wa ba ya ƙare a kan na'urar numfashi.

Alƙaluma ma abin da suka nuna ke nan. A Ingila, binciken hukumar lafiyarsu na 2021 ya nuna allura biyu ta Pfizer na kare mutum daga rashin lafiyar Delta da kashi 88, ta AstraZeneca kuma, wadda aka fara kawo wa Nijeriya, da kashi 67. Da Omicron ya zo sai lissafi ya sauya: allura biyu ta Pfizer ta ba da kariyar kusan kashi 65 a makonnin farko, ta faɗo ƙasa da kashi 10 bayan kimanin wata shida, allura ta uku ta sake ɗaga ta zuwa wajen kashi 67. Wannan kariya ce daga kamuwa, kuma ba shakka ta yi rauni. Amma a Afirka ta Kudu, a cikin Disambar 2021 da Omicron ke kan ganiyarsa, an tarar allura biyu ɗin nan na rage kwanciya asibiti da kusan kashi 70. Maƙwabtanmu na Katar ma, tun kafin Omicron, sun ga kariya daga kamuwa ta sauko zuwa wajen kashi 20 bayan wata biyar zuwa bakwai, amma kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa ta tsaya sama da kashi 90. Ƙofa ta yi rauni, cikin gari bai faɗi ba.

A nan Saudiyya gani ya kori ji. A 2019 mutum kusan miliyan 2.5 suka yi aikin Hajji. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da Umrar baƙi, Hajjin shekarar kuma mutum wajen 1,000 kacal aka bari, duk mazauna ƙasar. An fara allura ranar 17 ga Disamba 2020. A lokacin muna yin rajista ta manhajar Sehhaty, sannan manhajar Tawakkalna ta nuna matsayin mutum a wayarsa, kuma daga 1 ga Agusta 2021 ba ka shiga ma'aikata ko babban kanti sai ka nuna ta a bakin ƙofa. Hajjin 2021 aka ba mutum 60,000 da aka yi wa allura. Ranar 17 ga Oktoba 2021 aka cire tazarar da ke tsakanin masallata a Harami, aka haɗa sahu kafaɗa da kafaɗa. Ba a yi wata biyu ba sai ga Omicron, ranar 1 ga Disamba aka sanar da mutum na farko, ƙarshen watan aka maido da tazara. A Janairun 2022 masu kamuwa a kullum sun haura 5,000, adadin da ya wuce ƙololuwar Yunin 2020. Amma a tsakiyar 2020 ana rasa mutum 40 zuwa 50 a rana, a Janairun 2022 kuwa mamatan kullum ba su kai 10 ba. Cikin Maris aka sake haɗa sahu, Hajjin 2022 aka ƙayyade mutum miliyan ɗaya, Nijeriya ta sami kujeru 43,008, a 2023 aka maido mata da 95,000 ɗinta.

Na san Kawu zai ce ai Omicron ɗin ne dama ba shi da kaifi, ba allura ba ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Omicron bai kai Delta cin huhu ba, kuma mutane da yawa sun riga sun kamu a baya jikinsu ya saba. Amma mu duba Hong Kong. Sun tsare iyakokinsu shekara biyu cutar ba ta yaɗu sosai ba, tsofaffinsu da yawa suka ga ba su da buƙatar allura. Da wannan Omicron ɗin da ake rainawa ya shiga, daga Janairu zuwa 21 ga Maris 2022 mutum kusan 6,000 suka mutu, kashi 96 cikinsu 'yan shekara 60 zuwa sama, kuma kashi 70 na waɗannan tsofaffi ba a yi musu allura ko ɗaya ba. Rashin kaifin nasa a jikin da ya san shi ne.

To mu Hausawa bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, domin mun taɓa ganin irinsa a sanƙarau. Ƙwayar sanƙarau bakteriya ce, kuma nau'o'inta tun asali suna nan, ba cikin watanni suke rikiɗa kamar korona ba, amma darasin ɗaya ne. A Hajjin 1987 nau'in A ya ɓarke a tsakanin alhazai, daga nan Saudiyya ta wajabta wa mahajjata rigakafi. Allurar ta lokacin tana maganin A da C ne. A Hajjin 2000 da na 2001 sai ga wani nau'in, W135, ya kama ɗaruruwan alhazai da iyalansu bayan sun koma ƙasashensu. Hukumomin nan ba su ce allura ƙarya ce a daina ba. Sun sauya ta, daga 2002 suka wajabta mai maganin nau'i huɗu, wato A da C da Y da W, wadda har yau ake nema a katin kowane alhaji.

A gida ma haka. Manyanmu na tuna 1996, shekarar da sanƙarau nau'in A ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, har aka hana alhazanmu zuwa Hajji. A Disambar 2010 aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi baya a 2011, kuma nau'in A kusan ya ɓace daga yankinmu. Sai nau'in C ya sami fili. A 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500. Tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 ya kashe fiye da 1,100 a Nijeriya, Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fi jin jiki. Shin za a ce MenAfriVac ta yaudare mu? Abin da aka ƙera ta don shi ta kashe shi. Sabon abokin gaba sabon makami yake buƙata, kuma an samo shi: a Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV mai maganin nau'i biyar. Allurar korona ma an bi ta da irin wannan gyara, an fitar da wadda ta haɗa da Omicron a 2022, aka sake sabunta ta a 2023 da 2024. Ta murar shekara-shekara kuwa sau biyu a shekara masana ke zama, a Fabrairu da Satumba, su zaɓi nau'in da za a sa a ciki.

Ba ina cewa masu shakka ba su da dalili ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A wannan shekara ta 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana na Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana daga cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa tsakiyar 2004. A zamanin korona ma an yi mana rashin adalci. Ƙasashe masu arziki sun tara allurai, ta farko ba ta iso Abuja ba sai 2 ga Maris 2021, daga baya aka turo mana waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa, har a Disambar 2021 gwamnati ta lalata fiye da miliyan ɗaya. A watan nan dai Ingila ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu, alhali Omicron ya riga ya shiga Turai. Kuma gaskiya ne allurar AstraZeneca na haifar da wani irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, hukumar magunguna ta Turai ta sanar da haka tun Afrilun 2021. Da kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024, dalilin da ya bayar shi ne an sami sababbi da suka dace da sababbin nau'o'i, kasuwarta ta mutu. Duk waɗannan abubuwan a faɗe su, a riƙe masu laifi da laifinsu. Amma fushinmu da kamfani ko da gwamnati ba ya sauya lissafin wanda ya rayu da wanda ya mutu. Masana a jami'ar Imperial ta Landan sun ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai allurar ta ceci rayuka tsakanin miliyan 14 da miliyan 20 a duniya.

Akwai kuma masu cewa mu ai korona ba ta kashe mu ba. Gaskiya ne ba ta yi mana kisan da ta yi wa Italiya ko Amurka ba, kuma babban dalili shi ne kusan rabin al'ummarmu yara ne 'yan ƙasa da shekara 18, ita kuwa cutar tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini ta fi kayarwa. Amma mutanen Kano ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, dattawa da malaman jami'a suka yi ta tafiya a jere. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma bincike ya nuna kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona. A lokacin babu allura a ko'ina a duniya.

Yanzu ga roƙona, kuma saboda shi na rubuto. Ba kowace cuta ce ke sauya kama kamar korona ba. Allurar ƙyanda tun 1963 ake yin ta, har yau tana aiki, wanda aka yi wa sau biyu kariyarsa ta kai kashi 97, domin ɓangaren da garkuwar jiki ke kamawa a ƙwayar ƙyanda ba ya iya sauyawa ta ci gaba da rayuwa. Rigakafin mashaƙo ya kai kimanin shekara ɗari a duniya. Amma daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, mafi yawansu yara ne, kuma mafi yawan yaran ba a kammala musu rigakafi ba. A nan babu wani sabon nau'i da za a ɗora wa laifi. Raunin rigakafi a Arewa ya girmi korona, amma zancen "an yaudare mu" yana ƙara wa wutar itace. Don Allah Yaya, da ke Gwaggo, tunda ku ne matan gidan ke jin maganarku, ku duba katin kowane yaro. Allurar da ta haɗa da ta mashaƙo ana yin ta ne a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 sannan a maimaita a wata 15, kuma kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi na gwamnati. Wanda aka tsallake masa a kai shi a cike masa.

Su Baba da duk mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda, musamman masu niyyar zuwa Umra ko Hajji, ku tuna za ku shiga cunkoson mutane daga kowace kusurwa ta duniya, kowa da tarin garinsu. Ku je wajen likitanku da wuri ku tambaye shi allurar mura da ta korona da ta dace da ku, ku kuma tabbatar an yi muku ta sanƙarau da gaske aƙalla kwana 10 kafin tashi. Katin da aka buga wa hatimi ba tare da allura ta shiga jiki ba zai iya wucewa da mutum a filin jirgi, amma ba zai tsare shi a tantin Mina ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu cewa ai kwana ba ya ƙarewa sai lokaci ya yi, wannan haka yake, kuma duk mun yi imani da shi. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya kama hanyar Sham ya sami labarin annoba ta sauka a can, sai da ya tara Sahabbai ya yi shawara, sannan ya juya da jama'arsa Madina, kuma babu wanda zai ce ya fi shi tawakkali. Wata annobar za ta sake zuwa, a nan ƙasar ma cutar MERS da ake ɗauka daga raƙuma tana ɓulla jefi-jefi tun 2012, kuma 'yar uwar korona ce. Ranar da aka zo mana da sabuwar allura, mu tambayi mai kawo ta abu uku: daga kamuwa take karewa ko daga mutuwa, a kan wane nau'i aka gwada ta, kuma wata nawa kariyar ke ɗauka? Hukumomi kuma su ji tsoron Allah su ba da amsa ta gaskiya tun daga farko, ko da ba ta da daɗin ji, domin alkawarin da ya wuce gona da iri shi ya jawo mana rabin wannan rigima.

A gaida Inna da jiki, a gaida yara duka da 'yan makaranta. Wanda ya ga gyara a cikin abin da na faɗa ya rubuto mini, ƙofa a buɗe take. Allah Ya kare mu daga annoba, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba, Ya sa mu dace duniya da lahira.

Wassalam.

Naku har kullum,
Ɗan uwanku na Ulaisha, Riyad.